Kafin a yanke wayar kabul, a fara lissafa kuɗin data

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shigo gidajenmu a Garwa da Marwa da Ngaundare, har zuwa Kusiri da tsallaken kogin Logon a Njamena, wato ƙananan akwatunan nan da ake jonawa da talabijin domin a yi kallo ta intanet. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin ce da ɗaura farantin tauraron ɗan'adam, kuma tambayar da magidanta suka fi yi mini yanzu ita ce ko sayen wannan akwati zai raba su da biyan kuɗin wata ga mai kabul na unguwa ko ga kamfanin dikoda. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Kuɗin wata yana nan, sai dai ya tashi daga hannun mai kabul ya koma hannun mai sayar da data, kuma a gidaje da yawa yakan fi na da nauyi. Akwatin yana da amfani ƙwarai ga wanda ya san yadda zai bi da shi, shi ya sa na ga ya dace a yi bayaninsa a fili, maimakon a bar wa ɗan kasuwa shi kaɗai ya yi.

Shi wannan akwati ƙaramar kwamfuta ce wadda ba ta da allo, sai ta ari allon talabijin. Akwai Apple TV, akwai Fire TV na kamfanin Amazon, akwai Chromecast da Google ya fito da shi a 2013 ya kuma daina ƙerawa a 2024, akwai na Xiaomi, sannan akwai tarin akwatunan Android marasa sanannen suna waɗanda su ne suka cika kasuwanninmu. Bambancinsa da faranti yana cikin yadda hoton yake isowa. Tauraron ɗan'adam yana can sama, kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, yana watso shirinsa sau ɗaya ga kowa da kowa, don haka ko gida ɗaya ne ya kunna ko gari duka, ko awa ɗaya aka kalla ko aka kwana ana kallo, kuɗin bai canza ba. Akwatin intanet kuwa sai ya aika ya roƙo, a turo masa nasa hoton shi kaɗai ta layin da maigida yake biya, kuma kowace daƙiƙa ta kallo ana cire ta daga datar da aka saya. A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan tsari, yawancin gidaje suna da intanet na waya mai shiga har ɗaki wanda ake biya sau ɗaya a wata ba tare da awo ba. Mu a nan yawancinmu da layin salula muke shiga, MTN ko Orange ko Camtel a Kamaru, Airtel ko Moov a Chadi, kuma da awo ake sayar mana.

To, ga awon. Kamfanin Netflix, mai nuna fina-finai ta intanet, da kansa ya bayyana abin da kallo yake ci a awa ɗaya: hoto mafi ƙarancin inganci wajen giga 0.3, matsakaici wajen giga 0.7, mai kyau da ake kira HD har giga 3, shi kuwa mafi inganci da ake kira 4K har giga 7. A ɗauki gidan da ake kunna talabijin awa 4 kacal a yini, wanda kowa ya san gidan da yake da mata da yara da tsofaffi ya wuce haka nesa ba kusa ba. Awa 4 sau kwana 30 ya ba da awa 120. A matsakaicin hoto giga 84 ke nan a wata, a HD giga 360, a 4K kuwa 840. Ko an ƙanƙance hoton har fuskokin mutane suka fara dusashewa, sai an kashe giga 36. Ban kawo farashi ba da gangan, domin farashin data yana sauyawa kuma ya bambanta tsakanin Kamaru da Chadi, amma kowane mai karatu ya san nawa yake sayen giga a layinsa. Ya ɗauki wannan kuɗi ya ninka shi sau 84, ya ajiye shi kusa da abin da yake ba mai kabul a wata, sannan ya yanke hukunci. Ga wanda yake son ƙa'ida ta gaba ɗaya, duk hoton da ke gudana da saurin megabit 1 a daƙiƙa yana cin mega 450 a awa, saboda haka wasan ƙwallo ɗaya na awa 2 a saurin megabit 5 yana lashe giga 4.5.

Za a ce ai akwai datar da ake kira marar iyaka. Ina roƙon duk mai niyyar saye ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin tallar, domin a irin waɗannan tsare-tsare sau da yawa akwai adadin da in an kai shi sai a rage saurin layin, ya zama saƙon WhatsApp yana wucewa amma hoton talabijin ya tsaya yana juyi. Marar iyaka na gaske yana samuwa ne galibi ga wanda wayar fayiba, wato wayar intanet mai sauri da ake ja daga kamfani, ta iso ƙofar gidansa, kuma waɗannan a arewa tsiraru ne, a wasu unguwannin manyan birane. Wanda Allah ya ba wannan, maganata ta lissafi ba ta shafe shi sosai ba, ya sayi akwati mai kyau ya more.

Akwai wani tarko da ya fi kama mutane, shi ne jona akwatin da wayar hannu. Maigida ya buɗe Wi-Fi na wayarsa, akwatin ya kama, hoto ya fito tas, kowa ya yi murna. Abin da ba a sani ba shi ne akwatin bai san cewa datar awo yake sha ba. Shi dai ya ga Wi-Fi, don haka yakan jawo hoto mafi inganci da layin zai iya ɗauka, ya sabunta manhajojinsa a ɓoye, kuma in shiri ya ƙare ya saka na gaba da kansa ko da kowa ya yi barci. Wata Hajiya ta aiko jikanta ya kira ni, tana cewa an sayar mata da akwati mai shanye kuɗi, domin datar da ɗanta ya saya mata ta wata guda ta ƙare tun mako bai zagayo ba. Da na duba, sai na tarar an bar YouTube a kan zaɓin inganci na kai tsaye, yara suna kallon zane-zane tun daga dawowa makarantar allo har isha'i, talabijin ɗin kuma inci 32 ne wanda ko an turo masa 4K ba zai iya nuna shi ba. Na ce mata, "Hajiya, akwatin lafiyarsa ƙalau, bakin famfon ne aka bari a buɗe." Muka rage ingancin hoton zuwa matakin 480p, muka kashe saka shiri na gaba da sabuntawar kai tsaye, kuma daga inda take zaune a kan tabarma ba ta ga wani bambanci a hoton ba. Ban da cin data, waya tana zafi in ta daɗe tana wannan aiki, batirinta yana saurin lalacewa, kuma duk lokacin da maigida ya fita kasuwa da wayarsa gidan ya zauna babu kallo. Wanda ya ƙudura yin wannan tsari ya sayi modem na gida mai ɗaukar layi, ya ware masa layinsa daban, ta yadda zai riƙa ganin abin da kallo kaɗai yake ci.

Wurin ajiye modem ɗin ma yana da muhimmanci. A sa shi a sama, kusa da taga, ta ɓangaren da eriyar kamfanin take, domin katangar siminti da rufin kwano suna raunana sigina. Yawancin na'urorin yanzu suna watsa Wi-Fi iri biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na farkon ya fi ratsa bango da nisa, na biyun ya fi sauri amma ba ya nisa, saboda haka in modem da akwati suna ɗaki ɗaya a zaɓi na biyu, in akwai katanga tsakani a zaɓi na farko. Abin da ya fi duka shi ne a ja wayar intanet daga modem zuwa akwatin in yana da ramin, domin irin wannan waya tana kai mita 100 ba tare da matsala ba. Sannan a gwada saurin layin da daddare tsakanin magariba da ƙarfe 10, lokacin da unguwa duka take kan eriya ɗaya, kada a gwada da hantsi a ruɗi kai. Netflix yana neman megabit 3 don hoton 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K, kuma abin da ake bukata shi ne saurin da zai tsaya daram, ba wanda zai haura ya faɗo ba.

Sai zaɓen akwatin kansa, inda nake ganin an fi cutar mutanenmu. Kwalin yakan zo da manyan lambobi, an rubuta 8K, an rubuta ma'ajiya mai ɗimbin yawa, farashin kuma bai kai na ƙaramar waya ba. Sau da yawa lambobin na kwali ne kawai, kuma akan gyara manhajar cikin ta riƙa nuna ƙarya ga wanda ya shiga dubawa. Alamar da ba ta ɓuya ita ce yadda allon yake. Akwatin da Google ya tantance yana zuwa da tsarin Android TV ko Google TV, wanda aka gina don rimot, komai ana kai masa da maɓallan sama da ƙasa da hagu da dama. Wanda ba a tantance ba yawanci Android ɗin waya ne aka cusa masa, shi ya sa za ka ga manhajoji suna neman a taɓa su da yatsa, sai an kunna wata 'yar kibiya ana jan ta da rimot da ƙyar. Wannan tantancewa tana da tasiri a kan hoton ma. Akwai tsarin kulle na Google mai suna Widevine da kamfanonin fina-finai suke amfani da shi, kuma akwatin da bai da babban matakinsa, wato L1, ba a sakar masa hoto mai inganci, yakan tsaya wajen 480p ko da mutum ya biya kuɗin HD, ko da an rubuta 8K a kwali da ruwan zinare. A nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga 2 aƙalla, a kuma sa mai shago ya kunna shi a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Masu binciken tsaron kwamfuta sun gano cewa wasu daga cikin akwatunan nan masu araha suna fitowa da muguwar manhaja tun kafin su iso kasuwa. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan cuta da aka sa wa suna BadBox 2.0, kuma a watan Yuli na shekarar Google ya shigar da ƙara a kotu yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Aikin manhajar shi ne ta riƙa latsa tallace-tallace a ɓoye don wasu su sami kuɗi, ta kuma ba da hayar layin gidan ga mutanen da ba a sani ba su bi ta kansa su yi aika-aikarsu, ta yadda in an bi sawu gidanka za a tarar. Ga Ba'amurke wannan matsalar tsaro ce. Ga mutumin Garwa matsalar tsaro ce kuma matsalar aljihu, domin duk wannan zirga-zirgar da datarsa ake yin ta alhali talabijin yana kashe. Wanda ya riga ya sayi irin wannan akwati, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya riƙa zare shi daga wuta in ba a kallo, kuma kada ya shigar da asusun da ke haɗe da kuɗinsa ko lambar katin banki a cikinsa.

Wannan ya kawo ni ga abin da a gaskiya yake sa yawancin mutane sayen akwatin, wato alkawarin tashoshi dubbai, da dukkan wasannin Turai, a kan kuɗi kaɗan na shekara ko ma a ce har abada. Waɗannan tashoshi na sata ne. Wani ne a wata ƙasa yake kama shirin masu shi ya sake watsa shi ba da izini ba, wanda ya sayar maka a kasuwa kuma dillali ne a ƙarshen dogon layi, bai san inda na'urar da ake watso shirin take ba balle ya gyara ta. Ranar babban wasa, lokacin da kowa ya hau, ita ce ranar da hoton yake tsayawa, kuma ranar da masu haƙƙi suka sa aka rufe na'urar, har abadan ta ƙare, babu ofishin da za ka kai kuka. Kamaru tana da dokar kare haƙƙin mawallafa tun watan Disamba na 2000, amma ni abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar abin da sauƙi, alhali mutumin da ba zai taɓa ɗaukar tumatir ɗaya a kasuwa bai biya ba yana zaune da iyalinsa suna kallon gumin wasu kyauta. Na san za a ce mini masu kabul na unguwa ma ba duka ne suke da izinin tashoshin da suke rabawa ba. Haka ne, kuma wannan bai wanke ɗayan ba. Abin ya fi ciwo in aka zo kan fina-finan Hausa, domin masu yin su 'yan'uwanmu ne na Kano da Kaduna da Jos, jarinsu ƙarami ne, kuma da yawansu sun sa ayyukansu a YouTube inda kallon halal ba ya bukatar komai sai data.

Game da haɗawa, aikin ba shi da wuya. A duba bayan talabijin a ga ko akwai ramin HDMI. In tsohon talabijin ne mai ƙeya, sai a nemi akwatin da yake da mafitar AV, mai wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, ko a sayi 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa AV, tare da sanin cewa rubutun allon zai yi wuyar karantuwa. Abin da ya fi kashe akwatunan nan a ƙasarmu zafi ne da wuta. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, akwatin kuma yawanci ba shi da fanka, ta 'yan ramukan jikinsa yake shan iska. Matanmu, saboda ƙurar hunturu da son tsabta, sukan lulluɓe kayan kallo da kyalle mai ado, kuma na sha ɗaga irin wannan kyalle in tarar da akwati ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, hoto yana sarƙewa, ana zargin layi. A rufe shi in an kashe, a buɗe shi in an kunna, kada a ɗora shi a kan dikoda ko a manna shi a bayan talabijin inda zafi yake taruwa. A yi amfani da cajar da ta zo da shi, yawanci mai bolt 5 ce, domin cajar waya ta arha tana sa shi ya riƙa mutuwa yana tashi.

Wutar arewa kuwa kowa ya san halinta. Babban tushenta madatsar ruwa ta Lagdo ce a kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma a shekarun da damina ta yi ƙaranci ruwan yakan ja baya a shiga rabon wuta, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. A nan akwatin yana da wata fa'ida ta gaske, domin abin da yake ci bai cika wuce wat 10 ba, ƙaramin sola da batir suna riƙe shi tare da modem da talabijin na zamani. Haɗarin yana lokacin dawowar wuta da lokacin tsawa, saboda haka a sa masa na'urar kariya daga hauhawar wuta, a kuma zare shi in hadari ya taso. Ga wani ƙaramin abu da ke sa mutane kashe kuɗin gyara a banza: da yawa daga cikin akwatunan nan ba su da batirin agogo, in wuta ta ɗauke sai kwanan watansu ya koma wata tsohuwar shekara, manhajoji kuma su ƙi buɗewa suna cewa babu intanet alhali akwai. Maganin shi ne a shiga saiti a sa agogo ya riƙa daidaita kansa daga intanet, a zaɓi lokacin GMT+1, wanda shi ne na Kamaru da Chadi duka.

Asusun Google da za a shigar ya zama na gidan ne, wanda aka buɗe musamman don talabijin, kuma maigida ko uwargida su riƙe kalmar sirrin. Kada a bar yaron da ya zo haɗawa ya sa nasa don sauri, domin ranar da ya canza kalmar sirri ko ya bar gari, an shiga uku. A kan wannan asusu ne kuma ake kafa kariyar yara, wadda nake ganin wajibi ce. Kabul, duk da aibinsa, tashoshinsa ƙidayayyu ne, uba ya san abin da ke lamba kaza. Akwatin intanet ƙofa ce zuwa komai, kuma yaro ɗan shekara 10 ya fi iyayensa sanin hanyar. Akwai YouTube Kids, akwai zaɓin taƙaita abin da ake nunawa a YouTube na manya, akwai lambar sirri da ake sa wa bayanan kowane mai kallo a Netflix, kuma ya kamata a kunna su tun ranar farko, a ajiye talabijin ɗin a falo inda ake wucewa.

Ko an yi duk wannan, akwai abubuwan da faranti ya fi akwati, kuma ƙwallo na gaba. Mu mutanen Garwa ba sai an gaya mana matsayin ƙwallo ba, garin ƙungiyar Coton Sport ne, garin ɗan wasa Vincent Aboubakar, kuma a filin Roumdé Adjia muka karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. Hoton kai tsaye ta intanet yakan makara da rabin minti ko fiye, saboda ana tara shi guntu-guntu kafin a nuna, don haka mai akwati yakan ji ihun maƙwabta masu faranti tun ɗan wasan bai karɓi ƙwallon a allonsa ba. Sai kuma tsofaffi. Baba ya saba ya danna lamba ɗaya ya ga CRTV, tashar gwamnatin Kamaru, ya danna wata ya ga Ka'aba kai tsaye ana ɗawafi, ya bar ta a kunne tun asuba har dare, musamman a watan azumi. Wannan tashar da irinta da yawa kyauta suke a kan tauraron Nilesat da Arabsat, faranti da dikoda na kyauta kawai suke bukata, babu kuɗin wata. A mayar da irin wannan kallo kan data ɓarnar dukiya ce, a kuma tilasta wa dattijo bin manhaja cikin manhaja kafin ya kai ga tafsiri rashin tausayi ne. Mai kabul na unguwa ma yana da abin da kamfanin waya ba shi da shi: ya san ka, yana zuwa in waya ta tsinke, kuma yana iya yi maka haƙuri zuwa ƙarshen wata. Data in ta ƙare ta ƙare, ko ana tsakiyar labarai.

Kada kuma a manta cewa intanet ɗinmu daga teku yake zuwa, ta wayoyin da suka sauka a Duwala da Limbe da Kribi, sannan ya bi fayiba ya hau arewa har Kusiri, Chadi ma da wannan hanya take samun wani kaso na nata. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi 4 na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Kamaru suka shiga matsalar intanet. 'Yan'uwanmu na Chadi kuma sun zauna daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe musu kafofin sada zumunta. A irin waɗannan ranaku, lokacin da mutum ya fi bukatar jin labari, gidan da ya dogara da akwati kaɗai ba shi da abin kunnawa sai rediyo.

Shawarar da nake ba masu zuwa wurina ita ce su haɗa biyun. A bar faranti na kyauta don labarai da wa'azi da kallon yini, wanda yake son ƙwallon Turai ya biya dikoda na halal a watannin da ake buga gasa, akwatin kuma a ajiye shi don abin da faranti ba ya bayarwa: shirin Hausa mai dogon zango da ake so a kalla a lokacin da aka ga dama, karatun malamin da ake bi, darasin lissafi ko na Faransanci ga ɗalibi mai shirin jarrabawa. Akwatin da yake da ramin USB yana karanta filas da ma'ajiyar waje ta manhajar VLC ko Kodi ba tare da intanet ba sam, don haka bidiyon biki da na suna da karatuttukan da masu su suka yarda a yaɗa duk ana iya tara su a kalla sau ɗari babu ko mega ɗaya. Wanda layinsa yake da datar dare mai rahusa ya yi saukarwa a lokacin, amma ya sani cewa Netflix a waya da kwamfutar hannu yake yarda a sauke fim, ba a akwatin talabijin ba. Wanda kuma har yanzu yake son yanke kabul gaba ɗaya, ya yi wata ɗaya yana amfani da akwatin alhali kabul ɗin yana nan, ya rubuta duk datar da ya saya, sannan ya kira mai kabul ya sallame shi in lissafin ya ba shi.

Ina da roƙo biyu. Na farko ga masu shirya fina-finai da shirye-shiryen Hausa da suke buɗe manhajojin kallo na kuɗi: ku tuna akwai masu kallonku a Kamaru da Chadi da Nijar waɗanda sefa ke hannunsu ba naira ba, kuma yawancinsu ba su da katin banki, da Orange Money da MoMo da Airtel Money suke biyan komai. Ku buɗe musu hanyar biya, ku kuma sa zaɓin hoto mai sauƙin data, domin mutum da yawa yana komawa wurin ɓarayin shiri ne bayan ya nemi inda zai biya ya rasa. Na biyu gare ka ne, Malam Edita. Da jaridar nan za ta riƙa buga, ko sau ɗaya a wata uku, farashin giga ɗaya a kowane layi a Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, tare da adadin da ake rage sauri a tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka, da ta yi wa magidanta aikin da babu mai yi musu shi da Hausa a yanzu. Alƙaluman suna hannun kamfanonin da hukumomin da ke sa musu ido, ART a Yawunde da ARCEP a Njamena, kuma wakilinku zai iya tattara su cikin yini ɗaya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku, wani mai gyaran talabijin,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.